Haurin Bindigar Baba Funaki

Ƙarar da bindigar ta yi sai da ta girgiza kwanon rumfar, hankakin da ke kan wayar lantarki suka watse. Tetsuo yana zaune a benci bayan layin maharba, kunnuwansa a toshe, ya ga kafaɗar Baba Funaki ta yi baya kamar saniya ta haure shi. Tasa kafaɗar ta amsa da wani zugi, alhali ba ita aka haura ba.

"Ina ya faɗa?" tsohon ya tambaya da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne suke yi.

Tetsuo ya leƙa na'urar hangen nesa ta filin. "Yana cikin baƙin takardar, Baba. Ya ɗan yi dama."

"Ya ɗan yi dama a gidanku. Iska ce."

Ko ganye ɗaya bai motsa ba a filin gwajin harbin tun safe, amma Tetsuo ya ce, "Iska ce kam."

Haka suka saba. Shekara goma ke nan yana bin tsohon nan dawa, yana ɗaukar masa jakar abinci, yana jan barewa cikin dusar ƙanƙara, yana cewa haka ne ko da ba haka ba ne. Direban tankar madara ne na ƙungiyar makiyayan Tokachi, shekarunsa hamsin da 'yan kai, amma a wajen Baba Funaki har gobe shi yaro ne.

Shekara goman nan kuwa doka ce, ba son rai ba. A wajenmu ba a ba mutum raifal, bindigar nan mai cin dogon zango, don ya ce yana so. Sai ya yi shekara goma yana fama da bindigar tsuntsu, wadda in barewa za ka harba da ita sai ka matsa har ka ji warinta, kuma ba tare da ko ɗan tuntuɓe a wajen hukuma ba. Sa'an nan a bar shi ya nemi raifal. Lasisin ma na mutum ne da bindigarsa, ita wannan ɗin mai wannan lamba. Ta wani kuwa, ko ta ubanka ce, ba ka isa ka ɗaga ta daga kan tebur ba, balle ka harba. Don haka mutum yakan zaɓi tasa ne da ido da kunne da surutun mutane. Ba zai san yadda take hauri ba sai ta zama tasa, lokacin kuma ba a mayarwa.

Zaɓin Tetsuo biyu ne. Akwai mai lamba ɗari uku da takwas, wadda maharba ke ce wa mai-takwas. Harsashinta gajere ne, haurinta da sauƙi, sai mutum ya wuni ranar Lahadi yana huda takarda, ya koma gida ya ci abinci da hannunsa na dama lafiya lau. Tana kayar da barewa daga wannan gefen gonar dankali zuwa wancan. Ita yake so, don in za a faɗi gaskiya ya fi ƙaunar huda takarda a kan kashe dabba. Barewa dai ta zama dole ne, tun da suna cinye wa shanu ciyawa. Ɗayar kuma magnam ce, mai harsashi kamar babban yatsa, mai tsallake kwari, mai karya kafaɗar beyar, ƙaton naman dawan nan mai farata da ke kashe mutum. Ita ce a hannun tsohon yanzu.

Baba Funaki ya doshi tamanin. 'Yarsa ta kafa masa ƙahon zuƙa har ya yarda ya ajiye farauta, lasisinsa kuma zai ƙare ƙarshen watan nan. Bindigar da mai ita ya ajiye, hanya biyu gare ta: ko wani mai izini ya karɓe ta, ko a miƙa wa 'yan sanda su sa inji su yanka ta gunduwa-gunduwa. A walimar rufe farautar bara, tsohon ya miƙe da kofin giya a hannu ya ce, "Magnam ta Tetsu ce." Maharba suka yi tafi. Tetsuo ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Bayan walimar da 'yan makonni ya zamo daga tsanin tanka a kan ƙanƙara. Ƙashin kafaɗarsa ta dama ya karye, aka sa masa ƙarfe da kusoshi a wani asibiti a Sapporo. Ya ce wa maharba targaɗe ne, ya je hutu wajen 'yarsa Mika. Likita bai yi masa kwana-kwana ba: bindiga mai sauƙin hauri, to, da dama. Mai nauyin hauri kuwa za ta girgiɗe kusoshin, in suka girgiɗe kuma ba bindiga ba, ko sitiyarin tanka sai ya gagare shi.

Yau da safe matarsa Sanae tana zuba masa shayi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baban Mika, ka san 'yan sanda za su zo su tambaye ni ko na yarda ka riƙe bindiga a gidan nan. In mai-takwas ka nema, na yarda. In magnam ce, zan ce ban yarda ba." A wajenmu kuwa in matar gida ta ce haka, zance ya ƙare. Ba magnam, ba mai-takwas, wataƙila har ta tsuntsun su karɓe.

Baba Funaki ya harba na ƙarshe. Ya ja ƙarfen, kwanson harsashin ya faɗo, ya tsince shi ya sa a aljihu. Ya cire hula ya sunkuya wa filin, ya daɗe a haka. Sa'an nan ya goge bindigar ya zuge ta cikin jakarta.

"Shi ke nan. Tashi mu je wajen matar nan ta yi mana takardu."

A cikin 'yar akori-kurar Tetsuo, tsohon ya rungume jakar tsakanin gwiwoyinsa. Gonakin wake suna wucewa, sun fara ja. Tetsuo ya yi gyaran murya sau biyu.

"Baba, game da bindigar nan..."

"Na sani, ka ƙosa. Sai 'yan sanda sun gama shiririta tukuna. Kafin dusar ƙanƙara ta yi nauyi tana hannunka."

"Ba haka nake nufi ba. Ina ganin kamar ta fi ƙarfin irina."

"Kai, bar wannan ladabin. Ka yi shi a walima, kowa ya gani, ya isa."

Tetsuo ya mai da ido kan hanya. Ka san akwai maganar da in ka faɗa da ladabi ba a jinta, in ka faɗa babu ladabi kuma ba ka sake shiga cikin mutane. Ya za ka dubi dattijon da ya koya maka bin sawu, ka ce masa ya kai abar da ya riƙe shekara talatin a yanka?

Shagon bindigogi ɗaya ne a yankin, na Uwargida Horie, wadda ta gaji mijinta a sana'ar. Suka same ta da kwanon taliya a gabanta.

"Ah, Baba Funaki, ashe da sauran rai. Ku ajiye ta, zan kulle. Amma ba na rubutu ina cin abinci. Ku je ku zaga gari ku dawo."

"Ji matar nan! Mijinki bai taɓa sa ni jira ba."

"Shi ya sa ya riga ka tafiya," ta ce, ta karɓi jakar ta shige da ita ɗakin ƙarfe.

Da suka fito tsohon ya sunsuna hannun rigarsa. "Warin albarushi nake yi. Mu je wanka."

Tun da aka yi wa Tetsuo aiki yake kauce wa gidan wankan ruwan zafi, inda maharba ke zuwa bayan kowane harbi. Yau mura, gobe aiki, jibi Sanae na jira.

"Baba, ban zo da tawul ba."

"Suna bayarwa."

"Kuma kamar mura tana..."

"Ruwan zafi ne maganinta. Kai Tetsu, yau na yi harbina na ƙarshe a duniya, so kake in cuɗa bayana da kaina?"

Gidan wankan babu kowa sai wani manomi da ke gyangyaɗi a cikin ruwa can ƙurya. Tetsuo ya tuɓe da sauri yana fuskantar bango, ya yafa ɗan tawul ɗin a kafaɗar dama kamar haka kawai ya ga dama. Suka zauna kan 'yan kujerun roba gaban famfo. Ya ɗauki soso da sabulu ya fara cuɗa bayan tsohon, kamar yadda ƙarami ke yi wa babba.

Ya sha cuɗa bayan nan, amma yau ne ya dube shi da idon wanda ya san ciwo. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka. Ta gaba, inda gindin bindiga ke zama, fatar ta yi baƙi-baƙi da shuɗi, ga wani ƙullutu kamar ƙwan kaza. Da soson ya gifta wurin, tsohon ya ja iska ta haƙora.

"Yi a hankali, ba tanka kake wankewa ba."

"Yi haƙuri, Baba."

Ya watsa masa ruwa ya ɗauraye. Yana shirin miƙewa sai tsohon ya karɓe soson.

"Juya."

"Haba Baba, ni? Ina aka taɓa yin haka?"

"Yau za a fara. Ka cuɗa ni shekara goma, sau ɗaya dai in rama kafin in mutu. Juya, na ce."

Kafin Tetsuo ya sami abin faɗa, tsohon ya fizge tawul ɗin.

Tabon ya taso daga gindin wuya har kan kafaɗa, ja, mai kauri, da sawun ɗinki gefe da gefe. Famfo yana ta zuba cikin bokiti har ya cika ya tumbatsa. Baba Funaki ya matso da fuskarsa. Ya sa ɗan yatsa ya bi tabon a hankali, ya tsaya a kan wani tudu, ya matsa gaba ya tsaya a kan wani.

"Wannan mene ne?"

"Kusa ce, Baba."

"Wannan fa?"

"Ita ma."

"Targaɗe ke nan? A garinku kusa ake buga wa targaɗe?"

Tetsuo ya sunkuyar da kai, ya faɗa masa duka: tsanin tanka, likita, da maganar Sanae ta yau da safe. Yana magana yana kallon sabulu na bin rariya.

"Da wannan kafaɗar za ka harba magnam?"

"Na ce ko in sa matashi mai kauri..."

"Matashi!" Tsohon ya ɗaga soson ya maka masa a ƙeya. Manomin da ke gyangyaɗi ya buɗe ido ɗaya, ya sake rufewa. "Sakarai! Harbi uku za ta yi maka kusoshin nan su fito ta kunnenka. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Ka faɗa gaban jama'a, Baba. An yi tafi. In na ƙi, yanka ta za a yi."

"To ai kai ka roƙa!"

"Ni? Yaushe?"

"Kullum! Duk sanda na zuge jaka sai ka ce, kai Baba, babu irinta a duk tsibirin nan. Kai Baba, ji murya. Kai Baba, dubi katakon. Mutum ya yabi abu shekara goma a gaban mai shi, me yake nufi?"

"Ai haka ake yi, Baba. Ta abokin farautarka Baba Nishio ma ina yabawa."

"Ta Nishio?" Tsohon ya zaro ido. "Wannan tsinken sakace?"

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har tari ya sarƙe shi, Tetsuo ya riƙa bubbuga masa baya. Da ya lafa, ya share ido da bayan hannu ya ce, "Tashi mu shiga ruwa, sanyi na kama ni."

Suka nutsa har wuya. Tururi yana tashi, ta taga ana hango duwatsu. Tsohon ya ɗora tawul a ka ya rufe ido.

"Tun ranar walimar nan abin yake cina," ya ce. "Ina cewa, yaron nan yana da mata, yana da aiki, ga shi zan ɗora masa jaraba. Amma na ce tun da ransa ya biya, in na hana shi za a ce tsoho ya yi rowa, ya gwammace a yanka da ya ba yaronsa."

"Jaraba, Baba? Magnam ɗin?"

"Ka san yadda aka yi na saye ta? Wata shekara beyar ta taso mini a bakin rafi, uwa ce da 'ya'ya. Na tsira dai, amma wandona bai tsira ba. Washegari na shiga wajen mijin matar nan mai shago na ce ya ba ni wadda ta fi kowacce girma a shagon. Tsoro ne ya saye ta, ni biya kawai na yi. Harbin farko na san na yi wauta. Amma kafin in juya, duk ƙungiyar maharba ta ɗauka, Funaki mai magnam, Funaki mai magnam. To ka ga ta mayaru? Ga kunne ɗaya ya tafi, ga kafaɗa ka gani da idonka."

Tetsuo ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Amma da sauran abu ɗaya.

"Beyar fa? In ofishin gari suka kira, an ga beyar bayan makaranta, mai-takwas za ta isa?"

"Beyar ba ta karanta lambar harsashi. Duk waɗanda na kayar, kusa ne, har ina jin numfashinsu. A nan ba girman harsashi ake tambaya ba, ana tambaya ko ka rufe ido lokacin da ka ja kunama. Ni na daɗe ina rufewa. Kai da za ka wuni kana huda takarda kamar ɗan makaranta, ba za ka rufe ba."

"Za su yanka ta, Baba."

Tsohon ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya zuba a kan ƙullutun kafaɗarsa, ya sake ɗiba ya zuba.

"Su yanka," ya ce a hankali. "Ta ci abin da za ta ci."

Sa'an nan ya buɗe ido ya nuna shi da yatsa. "Maganar wando kuma, in na ji ta a bakin Nishio, kai ne."

Da suka koma shagon, Uwargida Horie ta share tebur ta jera takardu, ta sa tabarau.

"To, magnam daga Funaki zuwa..."

"Ajiye wannan," Baba Funaki ya ce. "Mai-takwas za ki nemo masa. Mai nauyin jiki, da roba mai taushi a gindi."

Ta dube su ta saman tabarau, ta dubi wannan ta dubi wancan, fuskokinsu jajur da ruwan zafi. Ba ta tambayi dalili ba.

"Akwai guda a ciki. Ba ta kai tsohuwar bindigarka ta tsuntsu hauri ba ma," ta ce wa Tetsuo. "Harsashinta kuma ba ya yankewa, ba kamar na wasu ba da sai na yi ta bugun waya kamar mai neman miji."

"Abu ɗaya kuma," tsohon ya rage murya, ko da yake ragewar tasa ana ji daga titi. "In 'yan ƙungiya suka tambaya, ki ce kin leƙa cikin bakinta kin ga ya cinye, ba ta bayuwa. Kar a ce yaro ya ƙi kyautata, kar a ce na fasa."

"Ba sai na yi ƙarya da yawa ba," ta ce.

"Me kika ce?"

"Na ce to, Baba."

Tetsuo ya fita waje ya kira Sanae. Ya ce mata mai-takwas ce. Ta ce ya biya ya sayo kifi, kada ya sayo irin na ran nan. Ya tsaya bakin shagon yana murmushi shi kaɗai kamar wawa.

Da ya dawo ciki ya tarar an fito da magnam an kwantar a kan tebur, tsohon yana fama da sukundireba, yana kwance madubin saitin da ke kanta. Bai bari kowa ya taimaka ba. Da ya ciro shi ya hure ƙura, ya goge da bakin riga, ya miƙo da hannu biyu.

"Wannan ba ya buƙatar lasisi. Ungo."

Uwargida Horie ta leƙo. "Baba, wannan ai ya girmi 'yata. Gefe ɗaya ya yi hazo, ga nauyi kamar taɓarya."

"Wa ya sa da ke?"

Tetsuo ya goge tafin hannunsa a wando ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya. Bakinsa ya buɗe da kansa. "Kai, Baba, babu ir..."

Tsohon ya ɗaga sukundireba.

Tetsuo ya haɗiye sauran. Ya juya madubin, ya kara a ido ya dubi titi. Rabin motarsa ya gani, rabin kuma hazo.

"Gaskiya ya yi hazo, Baba. Kuma yana da nauyi."

"Za ka ɗora shi a kan sabuwar?"

Tetsuo ya dubi Uwargida Horie, ta ɗauke kai tana gyara takardu. Ya dubi tsohon.

"A'a, Baba."

"Madalla," Baba Funaki ya ce, ya ajiye sukundireban. "Ka kai gida ka ajiye inda Sanae ba za ta zubar ba. Ke kuma, ba yaron nan biro."